Gumakan da Suka Maƙale a Kalanda: Asalin Sunayen Ranaku a Harsunan Arewacin Turai

Yaron da ya kai siziyam a ƙasar nan yana ɗauke da jerin sunayen ranaku har uku a kansa. Na farko ya sha shi a nono: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Na biyu mushe ya rubuta masa a saman allo kowace safiya tun yana CI: lundi, mardi, mercredi da sauransu. Na uku kuwa sai ya shiga kolej yake haɗuwa da shi a darasin Ingilishi, kuma nan ne ake kai ruwa rana. Yaro ya rubuta Wednesday ya manta harafin d, ya rikita Tuesday da Thursday, a ja masa jan biro, ya sake haddacewa, bayan hutu ya sake mantawa. Mu malamai mun fi ɗora laifin a kan lalaci. A ganina babban dalili shi ne muna ba yara kalmomi bakwai tamkar tsakuwa bakwai, ba labari, ba ma'ana, alhali kowace ɗaya tana da tarihin da ya haura shekara 1500.

Akwai kuma wata tambaya da ke fitowa daga wajen iyaye. Wasu sun ji an ce sunayen nan na gumaka ne, suna so su san gaskiyar maganar da abin da ya kamata a faɗa wa yara. Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa daga tarihi. Tunda kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, kalmomin nan za su ƙara yawo a bakin ƴaƴanmu. Gara mu san abin da ke cikinsu.

Yadda Rumawa suka jera ranaku

Mutanen arewacin Turai ba su ne suka ƙirƙiro mako mai kwana bakwai ba. Aro suka yi daga Rumawa, su ma Rumawan daga gabas ya zo musu. Tun asali kwana takwas suke lissafi da shi, daga cin kasuwa zuwa cin kasuwa. Abu biyu ne suka haɗu suka kawo musu bakwai: makon Yahudawa mai ƙarewa da ranar hutu, da lissafin masu duban taurari na ƙasar Masar a zamanin da Girkawa ke mulkinta.

Masu duban nan sun san abubuwa bakwai da ke tafiya a sama ba su tsaya wuri guda ba. Sun jera su daga wanda ya fi jinkirin zagayowa zuwa wanda ya fi sauri: Satun, Jufita, Mas, Rana, Binas, Makuri, Wata. Malamanmu na hisabi sun san su da sunayen Larabci: Zuhal, Mushtari, Mirrihu, Shamsu, Zahra, Uɗaridu, Ƙamar. Binas ita ce tauraruwar da Bahaushe ke wa kirari da Zara matar wata.

To me ya sa jerin ranaku bai bi wannan jeri ba? Marubucin tarihin Rum mai suna Kasiyus Diyo, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 3, ya bayyana dalilin. Kowace awa ta yini da dare an ba ta tauraro guda, ana bin jerin ana maimaitawa, kuma tauraron da ya samu awar farko shi ke da ranar. A ɗauki ranar Satun. Awa ta 1 tasa ce, haka ta 8, ta 15 da ta 22. Ta 23 ta Jufita ce, ta 24 ta Mas. Awar da ke biye, wato farkon sabuwar rana, sai ta faɗa kan Rana. Daga Rana a sake ƙirga 24, a sauka kan Wata. Daga Wata a sauka kan Mas, sai Makuri, sai Jufita, sai Binas, a komo kan Satun. Da haka aka samu dies Saturni, dies Solis, dies Lunae, dies Martis, dies Mercurii, dies Iovis, dies Veneris. Ɗan CM2 zai iya yin wannan lissafi da alli cikin minti goma, kuma ba zai manta shi ba.

An samu jerin ranakun nan rubuce a bangon garin Fomfei, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, alamar cewa talakawa sun riga sun san shi. A 321 kuma Sarki Kustantin ya ba da doka cewa ranar Rana ta zama ranar hutu ga alƙalai da mazauna birane. Faransancin da muke koyarwa ya gaji biyar daga cikin sunayen kai tsaye: lundi ta Wata, mardi ta Mas, mercredi ta Makuri, jeudi ta Jufita, vendredi ta Binas. Biyu ne kawai addinin Kirista ya canja, samedi da dimanche, ta biyun ma'anarta ranar Ubangiji. Ashe sunayen gumakan ba a darasin Ingilishi suka fara shiga ajinmu ba.

Aron da aka yi a bakin kogin Rayin

Iyakar daular Rum ta arewa ta bi kogin Rayin da kogin Danub. A ƙetare akwai ƙabilu masu harsuna ƴan uwan juna, waɗanda daga cikinsu Jamusanci da Ingilishi da harshen Holan da harsunan Danmak, Norwe, Suwidin da Aisilan suka fito. Iyakar ba bango ba ce. Ana ciniki, ana auratayya, samarin ƙabilun suna shiga sojan Rum su yi shekaru su komo gida. Wanda ke karɓar albashi ko ke kai kaya kasuwa dole ya san ranaku. Yawancin masana suna sanya wannan aro tsakanin ƙarni na 3 da na 4.

Abin lura shi ne ba su ɗauki sunayen yadda suke ba. Sun dubi kowane gunkin Rum suka nemi wanda ya yi kama da shi a nasu, suka maye gurbi. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa aron ya riga zuwan addinin Kirista wajensu, domin mai wa'azin Kirista ba zai ɗauki gunkin mutane ya ɗora a kan kalanda ba.

Ranar Rana da ranar Wata ba su ba da wahala ba, fassara kawai aka yi. Ingilishi Sunday da Monday, Jamusanci Sonntag da Montag, Holan zondag da maandag, Danmak da Norwe søndag da mandag. Akwai wani ɗan abu a nan da ke burge yaranmu idan an nuna musu. A Faransanci rana namiji ce, wata mace: le soleil, la lune. A Jamusanci rana mace ce, wata namiji, daidai da Hausa da Larabci. A tatsuniyoyin mutanen arewa ma, Sol mace ce, ɗan'uwanta Mani namiji.

Talata: mai hannu ɗaya da ranar majalisa

Gurbin Mas, gunkin yaƙin Rumawa, an ba wa wanda Ingilawan dauri ke kira Tiw, mutanen arewa kuma Tir. Daga nan aka samu Tiwesdæg a tsohon Ingilishi, wanda ya zama Tuesday, da tisdag a Suwidin, da tirsdag a Danmak da Norwe. Sunan tsoho ne ƙwarai. Tushensa ɗaya da deus na Latin, wanda ya haifi dieu na Faransanci.

Labarin da aka fi sani game da Tir na alkawari ne. Gumakan suna tsoron wani ƙaton kyarkeci mai suna Fenrir, suna so su ɗaure shi. Suka ce masa gwajin ƙarfi ne kawai. Kyarkecin ya ƙi yarda sai wani ya sa hannu a bakinsa jingina. Kowa ya noƙe, Tir ya miƙa hannun dama. Da dabbar ta ga igiyar ta ƙi tsinkewa, kuma ba mai niyyar kwance ta, sai ta datse hannun. Saboda haka ake danganta shi da rantsuwa da shari'a, ba yaƙi kaɗai ba.

Wannan ya kai mu ga Dienstag na Jamusanci da dinsdag na Holan. Bajamushe na yau idan ya ji kalmar sai ya tuna Dienst, wato aiki ko hidima, amma kamar sauti ce kawai. A arewacin Ingila, a wani sansanin soja da ke kan ganuwar Hadiriyan, wurin da ake kira Housesteads, an tono wani dutsen bauta na ƙarni na 3. Sojojin Rum ƴan asalin yankin da ke cikin Holan a yau ne suka kafa shi, suka rubuta sunan Mars Thingsus, wato Mas na majalisa. Yawancin masana suna ganin daga wannan laƙabi sunan ranar ya fito. Kalmar thing a wancan zamani tana nufin taron ƴan gari inda ake yanke hukunci. Har gobe tana cikin sunan majalisun dokoki: Folketing a Danmak, Storting a Norwe, da Althing a Aisilan, wadda aka kafa a 930. A Ingilishi ma'anar ta zame daga taro zuwa batun da aka tattauna a taron, daga nan zuwa kowane irin abu. Kalmar da yaro ke koya a makon farko na siziyam ke nan.

Laraba: harafin da ba a furtawa

Makuri gunkin fatake ne da matafiya, mai wayo, mai raka matattu zuwa makomarsu. Tun a shekara ta 98 marubucin Rum Tasitus ya rubuta cewa Makuri ne ƙabilun Jamus suka fi bauta wa. Yana nufin wanda su suke kira Wodan, Ingilawa Woden, mutanen arewa Odin. A labaransu matafiyi ne mai yawo cikin ɓad da kama, da faffaɗar hula, ido ɗaya, domin ya ba da ɗayan ya sha daga rijiyar hikima. Yana da hankaki biyu masu zagaya duniya suna kawo masa labari.

Ranarsa a tsohon Ingilishi Wodnesdæg ce. Baki ya gajarta ta, rubutu ya tsaya inda yake. Harafin d da yaranmu ke mantawa a Wednesday ragowar sunan Woden ne, kuma tun da na fara faɗa wa ɗalibaina haka kuskuren ya ragu sosai a kayensu. Mutanen Holan suna cewa woensdag. A arewa harafin w ya kan faɗi a gaban o, shi ya sa Wodan ya zama Odin, ranar kuma onsdag a Danmak, Norwe da Suwidin. Garin Odense na Danmak da garin Wednesbury na Ingila duk sunansa suke ɗauke da shi.

A Jamusanci kuwa babu shi. Suna cewa Mittwoch, wato tsakiyar mako, kuma kalmar ta bayyana a rubuce tun wajen shekara ta 1000. Ita kaɗai ce ranar da ba ta ƙarewa da Tag ko makamancinsa na lokacin yini. Malaman coci suna da irin wannan suna a Latin, kuma ana ganin da hannunsu wajen yaɗa shi don a kauce wa sunan babban gunkin. A wasu karin harshe na yankin Westfaliya tsohon sunan ya daɗe yana raye. Abin dariya shi ne tun 1976 Jamus ta mayar da Litinin farkon mako a hukumance, saboda haka ranar da ake kira tsakiyar mako ta koma ta uku cikin bakwai.

Alhamis: tsawa

Jufita shi ne sarkin gumakan Rum, Odin kuma shi ne babba a arewa, amma ba a haɗa su ba. Masu aron ba muƙami suka duba ba, aiki suka duba. Jufita shi ke jefa aradu, su kuma suna da mai tsawa: Donar a Jamus, Thunor a Ingila, Tor a arewa. Sunan nasa ma kalmar tsawa ce kanta. Donnerstag na Jamusanci da donderdag na Holan a fili suke nufin ranar tsawa. A Ingilishi, Thursday da thunder ƴan uwa ne, ko da yake siffar da ta tsaya ta samu tasirin harshen ƴan Danmak da suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun ƙarni na 9. A arewa torsdag ce.

Tor shi ne gunkin manoma da talakawa, mai guduma, mai kawo ruwan sama. Wani malamin coci, Adam na Bremen, ya rubuta wajen 1075 cewa a ɗakin bauta na Uppsala a Suwidin gunkin Tor ne a tsakiya. Babban birnin tsibiran Faro har yau Tórshavn ne, tashar jirgin Tor. Wajen 723 mai wa'azin Kirista Bonifas, ɗan Ingila, ya sare wata babbar itaciya da ake bauta wa Donar a ƙarƙashinta a yankin Hesen na Jamus, aka gina ɗakin ibada da katakonta. Itaciyar ta faɗi, sunan ranar bai motsa ba.

A Babariya da Ostiriya akwai tsohuwar kalma ta karin harshe, Pfinztag, wadda ta fito daga Girkanci mai nufin ta biyar. Ma'anarta ɗaya tak da Alhamis ɗinmu, daga hamsa ta Larabci.

Juma'a: matar Odin

Gurbin Binas an ba wa Frigg, matar Odin, mai kula da aure da gida da haihuwa. Tsohon Ingilishi Frigedæg ya zama Friday, Jamusanci Freitag, Holan vrijdag, arewa fredag. Mutane da yawa suna cewa sunan na Freyja ne, wata gunkiyar soyayya ta arewa, amma sautin kalmar Frigg yake nunawa. Wasu kuma suna jin frei na Jamusanci ko free na Ingilishi, su ɗauka ranar ƴanci ce. Kalmomin suna da tushe guda mai nufin abin ƙauna, amma ranar sunan mace ta ɗauka.

Wannan rana ta tona wani asiri. Da mutanen arewa ne suka ƙirƙiri sunan da kansu, da sun gina shi a kan Frigg da g ɗinta. Amma tsohon harshensu frjádagr yake cewa, siffar da ta yi daidai da ta maƙwabtansu na kudu. Daga nan masana suka gane cewa mako ya isa Danmak da Norwe da Suwidin ne a hannu na biyu, ta bakin ƴan uwansu da suka fi kusa da Rum. Daga wajensu kuma ya wuce zuwa Finlan, wadda harshenta ba ɗan wannan dangi ba ne: maanantai, tiistai, torstai, duk aro ne.

Asabar: ranar da kowa ya kama gabansa

Satun ba shi da takwara a gumakan arewa, shi ya sa a nan aka rabu gida huɗu.

Ingilawa da mutanen Holan suka bar sunan Rumawa yadda yake: Saturday, zaterdag. Faransawa da Italiyawa da Sifaniyawa, jikokin Latin, duk sun yar da Satun, Ingilishi ya riƙe musu shi.

Kudancin Jamus ya ɗauki Samstag, daga sambaton, yadda talakawa masu jin Girkanci ke furta sabat, ranar hutun Yahudawa. Daga tushen nan samedi ta fito. Daga shi kuma Larabci ke da as-sabt, wadda ta zama Asabar a bakinmu. Ashe Asabar da samedi da Samstag ƴan ɗaki ɗaya ne da suka bi hanyoyi daban.

Arewaci da gabashin Jamus suna da Sonnabend, wato jajibirin Lahadi.

Mutanen arewa kuwa suka ce laugardagr, ranar wanka, daga laug, ruwan wanka. Ita ce lørdag a Danmak da Norwe, lördag a Suwidin, laugardagur a Aisilan, lauantai a Finlan. Wani littafin tarihin Ingila na ƙarni na 13 ya yi ƙorafin cewa ƴan Danmak da ke zaune a ƙasar suna taje kai kullum, suna wanka kowace Asabar, suna canja tufafi, har suna ɗauke hankalin matan gari. Mayaƙan da finafinai ke nuna su cikin dauɗa, maƙwabtansu tsabta suka zarge su da ita.

Satun ɗin ma ya iso mana ta bayan gida. Masu ƙamus sun nuna cewa kalmar sati daga Saturday ta fito, ranar da ake biyan leburori a zamanin Turawan Ingila. Sunan ranar biya ya zama sunan makon gaba ɗaya. Duk wanda ya ce sai sati mai zuwa ya ambaci ragowar sunan, kuma ba wanda ya taɓa kawo wani gunki a ransa.

Bishop ɗin da ya share sunayen

Ingila ta fara karɓar addinin Kirista daga 597, Danmak wajen 965, Aisilan a taron Althing na wajen shekara ta 1000. A mafi yawan wuraren an bar sunayen ranaku. Aisilan ce ta bambanta. Jón Ögmundsson, wanda ya zama bishop na farko a Hólar a 1106 ya rasu a 1121, ya hana kiran ranaku da sunan Tir da Odin da Tor da Frigg. Har yau ƴan ƙasar suna cewa þriðjudagur, rana ta uku, miðvikudagur, tsakiyar mako, fimmtudagur, rana ta biyar, föstudagur, ranar azumi. Ranar Rana da ranar Wata sun tsira, haka ma ranar wanka. Ku dubi yadda ta uku da ta biyar suka faɗa daidai kan Talata da Alhamis. Lissafin guda ne, ana farawa daga Lahadi.

Ba shi ne farau ba. A ƙarni na 6, Bishop Martin na Braga ya yi wa'azi a kan sunayen gumaka, kuma Fotugal har yau tana ƙirga ranakun aiki da lamba: segunda-feira, terça-feira, har zuwa sexta-feira. A ƙarni na 17 wata ɗariƙar Kirista ta Ingila, Kwaika, ta koma cewa rana ta ɗaya, rana ta biyu, saboda wannan dalili. Ƙyamar da wasu iyayenmu ke ji, wasu Turawan sun ji ta tun da daɗewa.

Sai dai ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ƙasar da ta share sunayen ita ce ta adana labaran. Kusan duk abin da na kawo game da hannun Tir da idon Odin da gudumar Tor daga littattafan Aisilan aka same shi, musamman Edda da Snorri Sturluson ya rubuta wajen 1220. Snorri Kirista ne, kuma ya rubuta littafin don matasan mawaƙa su gane tsofaffin kalmomin harshensu. Ingilawa da suka riƙe sunayen kuwa sun manta masu sunan sarai, sai da masana suka tono musu. Suna zai iya daɗewa a baki bayan ma'anarsa ta mutu, kuma sanin labari daban yake da yarda da shi.

Abin da za mu ɗauka zuwa aji da gida

Mu ma aro muka yi. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis lambobin Larabci ne daga ɗaya zuwa biyar, Juma'a ranar taruwa, Asabar ranar sabat. Larabawan ma suna da wasu tsofaffin sunaye kafin waɗannan, Juma'a ana ce mata Aruba. Kuma mun mayar da aron namu har ya shiga sunayen mutane: Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Ba wanda ke kiran Talatu yana tunanin lamba uku. Haka Bature ba ya tunanin Tor in ya ce Thursday.

Ga iyayen da suka tambaya, amsar tarihi ita ce: gaskiya ne, huɗu daga cikin sunayen Ingilishi na gumakan arewa ne, ɗaya na gunkin Rum, biyu na rana da wata, kuma biyar daga na Faransanci haka suke. Gaskiya ne kuma cewa ɗaruruwan shekaru ke nan kalmomin ba su da wani aiki sai nuna rana. Hukunci na malaman addini ne, ba na malamin lakwal ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a ɓoye wa yaro. Zai gani a waya ko ba daɗe ko ba jima, kuma gara ya fara ji daga bakin uba ko mushe da zai yi masa bayani a natse.

Ga abokan aikina, ina ba da shawarar darasi guda na awa ɗaya. A zana layi huɗu a allo: Hausa, Larabci, Faransanci, Ingilishi. A bar yara su gano da kansu cewa lune tana cikin lundi, moon tana cikin Monday, thunder tana cikin Thursday, Asabar da samedi suna kama. A yi lissafin awa 24 da taurari bakwai. A tambayi kowa ranar da aka haife shi da sunan ranar da ake ba mai irin haihuwarsa. A darasi ɗaya an taɓa tarihi da lissafi da harshe huɗu, kuma Hausa ta zauna a allo kafaɗa da kafaɗa da sauran, ba a matsayin abin da ake hukunta yaro in ya furta ba.

Masu juyin juya halin Faransa sun gwada mako mai kwana 10 daga 1793, bai kai ko'ina ba. Tarayyar Sobiyat ta gwada na kwana 5 a 1929, sannan na kwana 6, ta komo bakwai a 1940. Abin da manomi da ɗan kasuwa suka saba ƙirgawa da shi ya fi dokar sarki ƙarfi. Abin da ya jure haka bai kamata mu riƙa cusa wa yara shi kamar tsakuwa ba. Allah ya ba mu ikon koyarwa da fahimta, ya yi wa ƴaƴanmu albarka.